Kwalba Ba Ta Son Wuta a Fuska: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kayan Gilashi

Daga shirinmu na kasuwa da sana'a. An rubuta abin da aka tattauna ne domin waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna bayan dabbobi.



Tun rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ciniki mai yawa ya koma cikin wayar salula. Mai madarar turare a Maraɗi zai tura hoto ga mai shago a Katsina, a yi ciniki, a ba direba saƙo ta Jibiya. Mai zuma a wajen Gaya zai nuna wa na Kamba hajarsa ba tare da ya taka ƙafa ba. Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni haka, tsakanin Maigatari da Damagaram haka. Ko da hanya ta buɗe, mutane ba su saki wannan hanyar ba, don ta fi sauƙin kuɗin mota.

To, in rago ne ko buhun wake ko turmin atamfa, hoto ba ya ba da wahala. Ka tsaya inda rana take, ka danna, shi ke nan. Amma saƙonnin da ke zuwa mana daga masu kayan kwalba kukansu iri ɗaya ne. Wani ya ce farin tabo ne ke fitowa a tsakiyar kwalbar ya rufe rubutu. Wani ya ce kofunan shayinsa na gilashi ɓacewa suke yi a hoto, sai ka ce aljanu. Wata baiwar Allah mai sayar da humra ta ce ita kanta take gani a jikin kwalbar, da mayafinta, da rumfar maƙwabcinta, har da babur ɗin da ke wucewa. Kuma kusan kowa wayarsa yake zargi, yana shirin sayen wadda ta fi ta tsada.

Ku riƙe kuɗinku tukuna. Yawanci ba laifin waya ba ne. Inda haske yake fitowa ne matsalar, kuma masu ɗaukar hoton tallar turare a manyan situdiyo na Faris da Dubai da wannan matsalar suke kokawa kullum. Dabarar da suke bi ba ta fi ƙarfin mai tocila da farin yadi ba.

Abin da ya raba gilashi da sauran kaya

In haske ya sauka a jikin rago, gashinsa yana watsa shi ko'ina, ta ko'ina ka tsaya za ka ga farin rago. Gilashi ba haka yake ba. Haske ratsa shi yake ya wuce. In ka haska shi kai tsaye, cikin kashi 100 wajen kashi 4 ne kawai fuskar gilashin ke maidowa, sai wani wajen kashi 4 daga ɗaya fuskar. Saura duk ya wuce abinsa. Kuma ɗan abin da ya dawo ɗin ba a watse yake dawowa ba, yadda madubi ke maidowa haka yake dawowa: in fitila ce za ka ga fitila, in taga ce za ka ga taga, in kai ne za ka ga kanka. Da yake kwalba kewayayya ce, sai ta tattaro duk abin da ke cikin ɗakin ta ɗora a jikinta, kamar yadda butar shayi mai ƙyalli take nuna duk mutanen da ke zaune a majalisa.

Makiyayi ya riga ya san rabin wannan karatun, bai dai sa masa suna ba. In ka tsaya a kan kwamin shayar da dabbobi ka duba ƙasa tsaye, gindin kwamin kake gani. In ka hangi tafki daga nesa da yamma, ba ka ganin ƙasan ruwa, sama da itatuwa kake gani a kwance a kansa. Ruwa ɗaya ne, inda ka tsaya ne ya sauya. Haka gilashi: in haske ya zo masa gaba da gaba sai ya ratsa, in ya zo a karkace ƙwarai sai ya koma madubi. Sauran rabin kuma sandarka ce. Tsoma ta cikin ruwa, za ka ga kamar ta karye a daidai bakin ruwan. Haske ne ke lanƙwasa in ya fita daga ruwa ya shiga iska. Gilashi ma yana lanƙwasa shi, kuma ya fi yin haka a gefunan kwalba, inda take juyawa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rubuta shi dalla-dalla a littafinsa Kitabul Manazir lokacin zamansa a Alƙahira: yadda haske ke dawowa daga madubi, da yadda yake lanƙwasa cikin ruwa da gilashi.

To, ga kan maganar, kuma in ba ku riƙe komai a shirin yau ba ku riƙe wannan: ba a haska kwalba. Abin da ke bayanta da abin da ke gefenta ake haskawa. Kwalba ba ta da fuskar kanta, aron ta wurin da take zaune take yi. Aikin mai hoto shi ne ya zaɓa mata abin da za ta ara.

Daga nan za ku gane dalilin farin tabon nan. Haske yana tsalle daga gilashi kamar ƙwallon da aka buga wa bango: in ka buga a miƙe gare ka za ta dawo, in ka buga a karkace can gefe za ta tafi. Filashin waya yana zaune ne yatsa ɗaya daga idon kyamara. Duk abin da ya harba a miƙe yake tafiya, a miƙe yake dawowa cikin idon. Don haka abu na farko, kashe filashi. Kashewa gaba ɗaya, ba barinsa ya kunna kansa in ya ga duhu ba.

Farin baya, baƙin gefe

Wannan ita ce hanyar da za ta yi wa mafi yawanku aiki, musamman masu zuma, man gyaɗa, man riɗi, turare, da duk wani abu mai ruwa-ruwa da haske ke iya ratsawa.

Nemi ɗaki ko shago mai taga ɗaya ko ƙofa ɗaya da hasken rana ke shigowa. Rataya farin yadi marar kauri ya rufe tagar. Farin ɗankwali ya yi, farar takarda mai shara-shara ta yi, in dai babu zane ko fure a jiki, kuma a miƙe shi sosai, don duk wata tattara za ta fito cikin kwalbar. Rufe sauran ƙofofi, kashe fitilar ɗakin. Yanzu kana da bango mai haske guda ɗaya, sauran ɗakin duhu. Abin da masu situdiyo ke saye da kuɗi mai yawa ke nan, akwatin fitila mai farin yadi a fuska. Kai Allah ya ba ka naka kyauta.

Ɗora kwalbar a kan kujera ko tebur, kamar kamu ɗaya ko biyu daga yadin, ba manne da shi ba. Kai kuma ka koma ta cikin ɗaki, kana fuskantar tagar, kwalba tana tsakaninku. Ka saukar da waya daidai tsayin cikin kwalbar. Kada ka ɗauka daga sama kana tsaye, don murfi zai yi ƙato, gindi ya tsuke.

Duba fuskar wayar yanzu. Zumar da ɗazu take baƙa ƙirin za ka ga ta kama wuta daga ciki, ja-ja ko ruwan gwal, gwargwadon irinta. Kuma a gefe biyu na kwalbar za ka ga baƙin layi siriri ya zana ta daga wuya zuwa gindi. Wannan layin shi ne kwalbar. In babu shi, babu ita a hoto.

Daga ina ya fito? Tsakiyar kwalba tana nuna maka abin da ke bayanta daidai, wato farin yadi. Gefunanta kuwa, saboda lanƙwasar nan da muka faɗa, suna ɗebo abin da ke can dama da can hagu, wato duhun ɗakin. Shi ya sa girman farin yake da muhimmanci ƙwarai. In farin ya yi faɗi da yawa, gefunan ma fari za su ɗebo, sai kwalba ta narke cikin bango. Mai kofunan shayin da ke ɓacewa, ga ciwonka nan. Ana so farin ya cika abin da kyamara ke gani kawai, kada ya zarce da yawa. In tagarka babba ce, rage ta: rataya baƙin zane ko bargo mai duhu ta dama da ta hagu, ka bar fari a tsakiya. Ko ka samo kwali biyu, ka lulluɓe su da baƙin ƙyalle, ka tsayar da su gefe da gefen kwalbar inda ba za su shiga hoto ba. Matso da su, layin ya yi kauri. Janye su, ya sirance. Yi ta matsawa kana kallon waya har sai idonka ya ce ya isa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Akwai wani abu da wayar za ta yi maka wanda sai ka tsawata mata. In ta ga fari ya yi yawa, tana ɗauka haske ne ya yi yawa, sai ta rage, farin ya koma ruwan toka, zuma ta dushe. Taɓa kwalbar a fuskar wayar da yatsa. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe. Ja ta sama kaɗan-kaɗan har bango ya yi fari, amma ka tsaya kafin baƙin layin ya fara ɓacewa.

In dare ne, ko kana ruga babu taga, tocila ta wadatar. Ɗauki kwalin da aka kwashe kaya, yanke gindinsa, ɗaura farin yadi a bakin. Sa tocila ta baya, nesa da yadin kamar kamu biyu, don hasken ya bazu. In ka manna ta da yadin, ƙwayar tocilar za ta fito kamar farin wata a bayan kwalba, ka koma gidan jiya. In ba ka da yadi amma akwai farin bango, ajiye tocila a ƙasa ƙarƙashin tebur, ta haska bangon da ke bayan kwalba, kada ko kaɗan ta taɓa kwalbar. Sakamakon ɗaya ne.

Wani lokaci abin da ke cikin kwalbar ya yi duhu ƙwarai, kamar zumar daji mai kauri ko turare mai duhu cikin koriyar kwalba. Ga dabarar masu tallar lemon kwalba: yanki farar takarda, ko takardar azurfa irin ta cikin kwalin ganyen shayi, daidai surar kwalbar amma ta ɗan fi ta ƙanƙanta. Tsayar da ita a bayan kwalba, a ɗan karkace wajen inda haske ke zuwa, ta yadda kwalbar za ta ɓoye ta. Za ta turo haske ta cikin ruwan zuwa ga kyamara. Sai dai ka tuna kwalba cike da ruwa juya abu take, na dama ya koma hagu, ta kuma faɗaɗa shi. In ka ga haske ya taru a gefen da ba ka so, matsar da takardar ta ɗaya gefen.

Baƙin baya, farin gefe

Wannan juyin ta farko ce, kuma ba sai ka tashi daga inda kake ba. Bar farin yadin a tagar. Samo baƙin kwali ko baƙin ƙyalle, ka rataya shi a tsakiyar farin, daidai bayan kwalba, girmansa ya cika abin da kyamara ke gani, amma fari ya rage ta dama da hagu da sama. Yanzu tsakiyar gilashi baƙi take nunawa, gefuna kuma suna ɗebo farin da ya rage. Sai ka ga kofi ya fito cikin duhu da siririn layi fari kamar an zana shi da alli.

Ta fi dacewa da gilashin da babu komai a ciki: finjalin shayi, tambulan, kwalbar turare mai sassaƙa a jiki, gilashin fitila. Duk wani zane da aka yi a jikin gilashi a nan yake fitowa. Tun farkon hoto a duniya an yi amfani da baƙin baya. Wani Bature ɗan Ingila, William Henry Fox Talbot, a littafin hotunan da ya fara fitarwa a 1844, ya sa hoton kofuna da kwalabe na gilashi jere a kan katako, bayansu baƙi, kuma da hasken rana ya ɗauka.

Amma in gaya muku gaskiya, ni ban cika ba ɗan kasuwa shawarar ya fara da ita ba. Tana da kyau, tana sa kaya su yi kama da masu tsada, sai dai ba ta rufa asiri. Ƙura ɗaya, sawun yatsa ɗaya, duk sai sun fito fari fat a kan baƙi. Mu kuwa da muke zaune inda hunturu ke shigowa da buji har cikin akwati, ka goge kwalba ka juya ka ɗauki waya, ta sake yin ƙura. In za ka yi ta, wanke gilashin, shanya shi, goge da tsohon ƙyallen auduga marar gashi, ka riƙe shi ta murfi ko da ƙyallen, ka ɗauka nan take. Sannan hasken da ke zuwa daga gefen baƙin yana iya faɗawa cikin idon kyamara, hoto ya yi hazo. Sa tafin hannu ko ɗan kwali a saman wayar kamar mai hangen nesa cikin rana. A nan wayar za ta yi akasin ɗazu, za ta ga duhu ta ƙara haske, baƙi ya koma toka-toka. Ja alamar ranar nan ƙasa.

Masu sayar da duwatsun wuya da awarwaron gilashi irin na Masaga da ke Bida, ku hanya ta farko ta fi muku in duwatsun haske na ratsa su. Rataya su da zare a gaban farin yadi, kada ku shimfiɗa su a tabarma.

In rubutun jikin kwalba ake so a karanta

Nan ne maganar ta fi shafar makiyaya, kuma nan ne kuskure ya fi tsada.

Ka sayi maganin allura na dabbobi a kasuwar mako, ko wani ya kawo maka daga tsallake. Rubutun Turanci ne ko Faransanci. Kana so ka tura wa malamin dabbobi, ko ɗanka da ke makaranta a birni, ya duba maka sunan maganin, ranar da zai lalace, nawa ake yi wa saniya gwargwadon nauyinta, da kwana nawa za a ƙaurace wa nono da nama bayan allura. In hoton ya zo da farin tabo a kan lamba, mai karantawa zai yi hasashe. Tsakanin 3 da 8, ko 1 da 7, tabo ɗaya ya isa. Kuma dabbarka ce za ta biya.

Takardar da ke manne a kwalba ba gilashi ba ce, haske ba ya ratsa ta. In ka bi hanyar farin baya kaɗai, ruwan zai yi kyau, rubutun ya yi duhu. Ita tana son haske ta gaba, amma ba ta inda kyamara take ba. Zauna cikin inuwa, bakin bukka ko ƙarƙashin itace mai inuwa cikakkiya, ba mai ɗigon rana ba. Juya har haske ya zama yana zuwa daga gefenka, dama ko hagu. Ƙyallin zai gudu ya koma can gefen kwalba, tsakiya ta zauna lafiya. In ɗaya gefen ya yi duhu, sa wani ya riƙe farar takarda ko farar riga a wajen, ta maido haske. In har yanzu ƙyalli na kan rubutu, kada ka motsa waya, murza kwalbar kaɗan ko ka matsa da zamanka.

Kada ka yi ƙoƙarin cinye rubutun duka a hoto ɗaya. Takardar naɗe take da kwalba, abin da ke gefe a matse zai fito. Ɗauki gaba, murza, ɗauki gefe, murza, ɗauki ɗaya gefen. Hoto uku ko huɗu. Ka tabbata wurin da aka buga lambar rukuni da ranar lalacewa ya shiga, haka lambar NAFDAC in maganin Najeriya ne. Ɗauki murfin ma daga sama, a ga ko an taɓa huda robar. Sannan ka ƙara guda ɗaya da haske ta baya, kamar na zuma, ko da kwalbar mai ruwan ƙasa ce: a nan ake ganin ko ruwan ya gurɓace, ko wani abu ya kwanta a gindi. Hoto ba zai tabbatar maka magani na gaskiya ne ko jabu ba, wannan sai masana da kayan gwajinsu. Amma zai hana a karanta maka lamba ba daidai ba.

Kafin ka tura, buɗe hoton ka ja shi da yatsu biyu. In kai ba ka iya rarrabe lambobin ba, shi ma ba zai iya ba. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, ƙananan rubutu su dushe. In rubutu ne abin nema, tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar hoto da aka saba ba. Zai ɗan fi cin data, amma zai isa yadda ka ɗauka.

Man shanu da ya daskare, ko turaren wuta cikin kwalba mai faɗin baki, su ma haske ba ya ratsa su, don haka wannan zaman na hasken gefe shi ne nasu. In ta taga mai yadi hasken ke zuwa, za ka ga dogon farin layi mai laushi a gefe ɗaya na kwalbar. Kada ka yaƙe shi. Shi ne ke gaya wa mai kallo cewa gilashi ne, ba roba ba.

Sauran ƙananan abubuwa

Baiwar Allah mai humra da ke ganin kanta a kwalba: ja da baya, Hajiya. In kin matso da waya kusa, ke da wayar kun cika fuskar kwalbar, kuma kwalbar kanta kumbura take a hoto. Koma baya kamar taku biyu, ki jawo hoton ninki biyu, kada ki wuce haka a ƙaramar waya don zai farfashe. Mayafi mai duhu ya fi fari ko mai ƙyalli a wannan aikin. In abin ya ƙi, huda baƙin kwali daidai idon kyamara, ki ɓuya a bayansa. Masu situdiyo ma haka suke yi, ba abin dariya ba ne.

Cikin ɗaki mai duhu hannu yana rawa, hoto ya yi dishi-dishi. Jingina wayar da bulo ko gwangwani, sa agogon kyamara na daƙiƙa 3, ɗauke hannunka. Kuma goge idon kyamarar da bakin riga kafin komai. Wayar da ta kwana a aljihu tare da goro da canji, ko hannun da ya taɓa mai, rabin hazon da kuke gani daga nan yake.

Wanda ke tsakiyar kasuwa ba shi da halin rufe ƙofa, ga wata 'yar dabara. Akwai baƙin tabarau irin na direbobi da ke kashe ƙyallin kwalta da na ruwa. Ba kowane baƙin tabarau ba ne. Yadda za ka gane shi: duba fuskar waya ta cikinsa kana juya shi, in ka ga fuskar tana duhu tana washewa ko launinta na sauyawa, to shi ne. Ɗora shi a idon kyamara, juya a hankali, za ka ga wani ƙyallin ya ragu. Ya fi aiki a kan ƙyallin da ke zuwa a karkace, ba zai yi komai ga filashi ba.

Sai maganar launi, wadda ta taɓa amana. Kowace fitila da nata launin. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana sa farar zuma ta zama ja, tocila mai shuɗi-shuɗi tana sa man gyaɗa ya yi kore-kore. In ka haɗa biyu, hasken taga da na ƙwai, rabin kwalba launi ɗaya rabi wani. Haske ɗaya kawai, kuma na rana ya fi gaskiya, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya. Gab da magariba rana kanta ja take. Kuma don Allah ku bar maɓallan nan na ƙara wa hoto kala. Mai saye a Damagaram ya ga zuma ruwan gwal a waya, direba ya kawo masa mai duhu, ba zai ce fitila ce ba, cewa zai yi an cuce shi. Kaya su dawo, kuɗin mota biyu a kanka, ga sunanka ya shiga bakin 'yan tasha. Ka ɗauki hoton, ka ɗaga kwalbar kusa da wayar a cikin wannan hasken, ka gwada. In sun yi daidai, tura. Haka in akwai tsaga a kofi ko kwalba ba ta cika ba, bar shi ya fito, ka faɗa da bakinka. Ka kuma ajiye akwatin ashana a gefe a hoto ɗaya, don kwalbar mililita 3 da ta mililita 12 girmansu ɗaya ne a fuskar waya.

Wani mai saurare daga wajen Ƙonni ya tambaya ko ba sai ya fitar da kayan tsakar rana ba, tunda haske ake nema. A'a, malam. Rana ƙwaya ɗaya ce mai zafi, tabon da za ta yi ya fi na filashi. Ban da haka zafinta yana sauya ƙamshin turare, yana kashe ƙarfin magani, rigakafin dabbobi kuwa ko kaɗan ba ya son fita daga sanyi, hotonsa a ɗauka cikin gaggawa a mayar da shi cikin ƙanƙara. Kuma kewayayyar kwalba cike da ruwa garai, in ta zauna cikin rana, tana tara haske wuri ɗaya har ya ƙona abin da ke bayanta. A rumfar zana ko kusa da tarin harawa wannan ba wasa ba ne. Haka masu turare mai sinadarin da ke kama wuta, kada a haska bayan yadi da kyandir ko fitilar kananzir. Tocila kawai.

Masu tambaya kan hoton tabarau, agogon hannu da gilashin mota, saƙonninku sun iso. Su gilashinsu shimfiɗaɗɗe ne ko kusa da haka, zaman fitilarsu daban ne, za mu ɗauke su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.